An Cire Waya, Ba a Rufe Lissafi Ba



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya ku 'yan'uwana matasa, yau ina son mu tattauna a kan wani al'amari da za a iya ɗauka ƙarami ne, wato kuɗin wuta. Ni ma haka na ɗauke shi, har sai da ya kusa zubar mini da mutuncin da na daɗe ina tattali a gaban ɗalibaina. Abin da nake son tabbatarwa guda ɗaya ne: mu'amala tsakanin mutum biyu ba ta ƙarewa ranar da suka daina hulɗa, sai ranar da suka zauna kowa ya san abin da ake binsa da abin da yake bi.

Yadda abin ya faru

Makarantar Islamiyyar da nake koyarwa a nan Sabon Birni tana da ajin dare, na matan aure da na samarin da ke wuni a kasuwa ko a gona. Duk wanda ya san wannan ƙasa tamu ta Gobir, daga Sabon Birni har zuwa Isa, ya san cewa wutar gwamnati ba abar da za a ɗora jadawalin karatu a kanta ba ce. Saboda haka muka yi abin da masu shaguna da masu aski da masu cajin waya suke yi: muka je wurin wani bawan Allah mai babban janareta kusa da kasuwa, ya ja mana waya. Sharaɗin da muka yi shi ne zai ba mu wuta daga magariba zuwa ƙarfe goma, ƙwan fitila shida da fanka biyu, mu biya shi kowane wata. Sannan muka ajiye masa naira 30,000 da sunan kuɗin ajiya, a kan cewa duk ranar da muka rabu zai cire abin da yake binmu ya mayar mana da saura. Muka gaisa, muka yi addu'a, muka watse. Ko tsinken takarda ba mu rubuta ba, alhali dukkanmu da muka je wurin malamai ne.

A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma tsaya nan ba. Mai janareta ya ƙara kuɗi, ya sake ƙarawa, kuma ban ga laifinsa ba, domin injin ba da ruwa yake aiki ba. Da abin ya fi ƙarfin makaranta, kwamiti ya yanke shawarar a koma sola. Aka yi karo-karo tsakanin ɗalibai da iyayen yara, cikinsu har da matan da aka kashe wa mazaje, da waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Kuɗin bai kai ba. Ni ne na miƙe a gaban jama'a na ce kada a damu, akwai ajiyarmu a wurin mai janareta, da ita za a cike kuɗin batir. Da wannan magana tawa aka karɓo batir daga Sakkwato da ragowar bashi a kai.

Ranar da aka kunna sola, yaron mai janareta ya zo ya cire wayarsu. Kashegari na je na ce, "Alhaji, mun gode da zaman da muka yi, sai a duba littafi a ga abin da ke tsakaninmu." Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ba gudu zan yi ba, a bari ranar kasuwa ta wuce." Kasuwa ta ci ta watse. Na koma, aka ce yaron da ke riƙe da littafin ya tafi Isa. Na sake komawa, aka ce Alhaji ya fita. Daga baya ma idan ya hango ni sai ya sake hanya. Wata biyar cur ina wannan zarya, ban samu kuɗi ba, ban kuma samu ko adadin abin da ya rage ba. Mai batir yana kira daga Sakkwato. Wata rana bayan an tashi daga karatu, wata dattijuwa cikin ɗalibaina ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce cikin ladabi, "Malam, kuɗin nan da aka ce za su dawo, sun dawo kuwa?" Ba ta zarge ni da baki ba. Amma na kwana ina juyayi, domin na gane cewa ba ni da abin da zan nuna mata in wanke kaina, sai rantsuwa.

Ba mu kaɗai ba ne

Kada mai karatu ya zaci wannan ciwo na masu janareta ne kawai. A 1972 aka kafa NEPA, a 2005 ta koma PHCN, a shekarar ne kuma aka kafa hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki, NERC. A ranar 1 ga Nuwamba, 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, aka raba ƙasar zuwa yankuna 11. Suna ya yi ta canzawa, amma tsohon bashin da ke jikin takardar kuɗin wuta ya ci gaba da bin gidaje, har wani ya gaji bashin da bai san ranar da aka ci shi ba.

Tushen rikicin shi ne kintace. Gidan da ba shi da mita, ƙiyasta masa ake yi, ya sha wuta ko bai sha ba. Shi ya sa a Fabrairun 2020 hukumar ta ƙayyade iyakar abin da za a iya ɗora wa marar mita, sannan a Fabrairun 2024 ta sanar da ladabtar da dukkan kamfanonin 11 da fiye da naira biliyan 10 saboda ƙetare wannan iyaka, ta kuma umarce su da su mayar wa jama'a rarar da aka ɗora musu. Haka nan akwai tsarin da aka fito da shi a 2018, wanda mutum zai iya biyan kuɗin mita daga aljihunsa, ƙa'ida kuma ta ce a riƙa mayar masa da kuɗinsa a hankali ta hanyar ƙarin wuta idan ya sayi kati. To, a nan ne mutum ke shiga irin halin da na shiga. Ya bar kintace ya koma mita mai kati, ko ya bar wutar baki ɗaya ya koma sola, amma tsohon lissafin na nan a buɗe: bai san nawa ake binsa da gaskiya ba, bai san nawa ya kamata a mayar masa ba, sai dai ya ga ana zabtare wani kaso duk lokacin da ya sa kati.

Hanyar kai kuka tana nan a rubuce: a fara da sashen sauraren ƙorafi na kamfanin, idan ba a warware ba a ɗaukaka zuwa zauren sasanci da hukumar ta tanada, daga nan zuwa hukumar kanta. Sai dai mutumin Isa ko na Sabon Birni da zai kai takarda Sakkwato sai ya lissafa kuɗin mota, ya kuma lissafa hatsarin hanya a wannan zamani da muke ciki. Sau da yawa abin da zai kashe ya fi abin da zai karɓo. Sai ya ce ya bar wa Allah. Wanda ke riƙe da kuɗin kuwa ya san haka, kuma a kan wannan gajiya tamu yake dogara.

A Ingila, inda mutum ke da damar barin wannan kamfanin wuta ya koma wancan, sun sha fama da irin wannan matsala har sai da hukumarsu mai suna Ofgem ta sa wa'adi: tsohon kamfani ya aiko da lissafin ƙarshe cikin mako shida, ya mayar da rarar kuɗin mutum cikin kwanakin aiki goma bayan haka, idan ya saɓa kuma ya biya diyya kai tsaye ba sai an roƙa ba, wadda aka fara da fam 30. Na kawo wannan ne don mu ga cewa halin ɗan Adam ɗaya ne ko'ina: yana da sauri wurin karɓa, yana da nauyin jiki wurin mayarwa, musamman ga wanda ya riga ya bar shi, wanda ba ya tsammanin wata riba daga gare shi kuma. Su sun magance abin da wa'adi da tara. Mu kuwa muna da abin da ya riga nasu da ƙarnoni, sai dai mun bar shi a cikin littafi.

Me shari'a ta tanada?

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, wato ta 282 a Suratul Baƙara, ba a kan salla ko azumi ta sauka ba, a kan rubuta bashi ne da kafa shaidu, ƙarami ne ko babba. Na karantar da wannan aya ban san iyaka ba, amma ranar da na miƙa kuɗin marayu da zawarawa ga wani mutum, kunya ta hana ni cewa a rubuta. A wurinmu, idan ka ce a rubuta, sai a ce ba ka yarda da mutum ba. Alhali rubutu kariya ce ga duka biyun, daga mantuwa da mutuwa da waswasin shaiɗan.

Hadisin Abu Huraira (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kira jan ƙafar da mai hali ke yi wajen biyan bashi da sunan zalunci. Ya tabbata a Bukhari cewa an kawo gawar wani mai bashi, Manzon Allah (SAW) bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya. A cikin Muslim kuma an nuna cewa ko shahada ba ta kankare bashi. Aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da mayar da amana ga masu ita, Suratul Muɗaffifina kuwa ta buɗe da narko a kan mai cika mudu idan zai karɓa, ya tauye idan zai bayar. Malaman fiƙihu sun shar'anta sanin farashi da sanin abin da ake saye kafin ciniki ya inganta, sun kuma bayyana cewa wanda aka ba ajiyar kuɗi ya taɓa su, sun zama lamuni a wuyansa. Duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta kan irin waɗannan ƙa'idoji, Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, wanda a ƙasar nan ta Gobir ya yi da'awarsa, ya ware wa saye da sayarwa babi a cikin Ihya'us Sunna.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Hijira a shekarar 622. Ƙuraishawa sun ƙulla kashe Manzon Allah (SAW), amma duk da haka kayan ajiyarsu na wurinsa. Malaman tarihi sun ambata cewa ya bar Sayyidina Aliyu (RA) a Makka domin ya mayar wa kowa da kayansa kafin ya biyo baya. Ku duba da kyau: rabuwa ce da maƙiya, cikin hatsarin rai, amma ba a bar lissafi a buɗe ba. To ina hujjar kamfani ko ɗan kasuwar da ke riƙe kuɗin mutum don kawai ya koma wurin wani?

Ranar da muka zauna

Da na gaji, sai na kai maganar wurin limamin unguwarmu. Ya aika aka kira Alhaji, muka zauna a zaure tare da shugaban kwamitin makaranta. Liman ya ce masa, "Alhaji, ba don mu kunyata ka muka kira ka ba. Ka faɗi abin da ke akwai." Mutumin nan ya yi shiru har na ɗauka ba zai yi magana ba. Sannan ya ce 'yan bindiga sun ɗauke ƙanensa a hanyar gona a daminar da ta gabata, dangi suka tattara duk abin da hannu ya kai, shi kuma ya haɗa har da ajiyar mutanen da yake ba wuta. Tun daga lokacin yake juya na wannan ya toshe na wancan. Ya ce, "Wallahi Malam, kunyarka ce ta sa nake gudunka."

Jikina ya yi sanyi. Wata biyar ina kallonsa a matsayin mai hali da ke jan ƙafa, ashe yana cikin waɗanda aya ta 280 a surar nan ta Baƙara ta ce a saurara musu har su samu sauƙi, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri. Amma Liman bai bar maganar a nan ba. Ya ce masa uzurinsa karɓaɓɓe ne a kan kuɗi, ba a kan ɓoye gaskiya ba. Da ya zo tun makon farko ya ce ga abin da ya faru, ga adadin da ake bina, ga lokacin da zan iya biya, da bai jefa malamin makaranta cikin zargi ba. Rashin kuɗi na iya hana mutum biya yau, amma ba ya hana shi buɗe littafi.

Da aka buɗe littafin kuwa, sai ga namu laifin. A goman ƙarshe na azumin da ya gabata mun roƙi a bar mana wuta har tsakar dare saboda tahajjud, ba wanda ya biya ƙarin man. Sannan samarinmu sun ƙara fanka ta uku da na'urar lasifika a kan layin ba tare da an gaya masa ba. Aka lissafa ya kama naira 9,000. Wato ni da nake zarya ina neman 30,000, har da kuɗin da ba namu ba nake nema, ban sani ba. Aka tsaya a kan 21,000, zai biya kashi uku, aka rubuta, shaidu biyu suka sa hannu. A daren nan na karanta takardar a gaban ɗalibai. Wasu 'yan kwamiti sun so a yafe masa wani abu nan take, na ce kuɗin ba namu ba ne da za mu yi kyauta da su, sai an tambayi masu shi. Da aka tambaye su, dattijuwar nan da ta tsayar da ni a bakin ƙofa ita ce ta fara cewa a bar masa kashin ƙarshe, domin ta san abin da ake ji idan an ɗauke wa mutum nasa. Sauran suka amince. Ya biya kashi biyu a kan lokaci, mu malamai muka cike wa mai batir abin da ya rage.

Mu ma mu duba kanmu

Ya ɗan'uwa matashi, abu ne mai sauƙi mu zauna a majalisa ko mu hau intanet mu yi ta la'antar kamfanonin wuta, kuma sau da yawa kukan namu na kan gaskiya. Amma mutum nawa ne cikinmu ya tashi daga gidan haya ya bar wa mai shigowa tulin kuɗin wuta? Mutum nawa ne ya kewaye mita, ya ce ai su ma cutarmu suke yi? Wutar da ka sha ba ka biya ba, ba iska ke ɗauke nauyinta ba. A ƙarshe maƙwabcinka marar mita na cikin waɗanda za a kintata wa. Zaluncin da aka yi maka bai halatta maka zaluntar wani ba.

Ba zan cire kaina ba. Wannan lamari ya tuna mini cewa lokacin da na kammala karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na kwashe kayana daga ɗakin da nake haya ban ba da kasona na kuɗin wutar watan ƙarshe ba. Ban yi niyyar cin haƙƙin kowa ba, na dai ce zan aiko, shekaru suka wuce. Sai bayan zaman zauren Liman na nemi wanda ya biya mini a lokacin, na mayar masa, na roƙi gafara. Ya yi dariya ya ce shi ya manta. Na ce masa ai ba mantuwarsa nake tsoro ba, littafin da ba a mantuwa a cikinsa nake tsoro.

Kammalawa

Shawarata ga duk mai shirin barin wata hanyar wuta ya koma wata ita ce: tun ranar shiga a rubuta sharaɗin fita, da adadin ajiya da wa'adin mayar da ita. Ka adana kowane rasit. Ranar da za a cire waya ko a sauya mita, ka ɗauki hoton lambar da ke jiki da kwanan wata, ka sanar da rabuwar a rubuce, ka riƙe kwafin da aka sa wa hannu. Ka nemi lissafin ƙarshe kafin ka ɗora wani alƙawari a kan kuɗin da bai shigo hannunka ba, kada ka yi kuskuren da na yi. Idan kuɗin jama'a ne, ka karanta musu lissafi ko ba su tambaya ba. Idan kuma kai ne ke riƙe da na wani, kana da shi ka biya yau. Ba ka da shi, ka je da ƙafarka ka faɗi adadi da rana. Neman haƙƙi ta hanyar da ta dace ba rashin tawakkali ba ne, kuma duk wanda ya jure ya bi nasa har ƙarshe ya sauƙaƙa wa raunanan da ke bayansa.

Hadisin da Muslim ya ruwaito game da mafalisi ya nuna mana mutumin da zai zo ranar alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya ci dukiyar wannan ya cuci wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biya har ya ƙare. A ranar babu naira, babu a bari kasuwa ta wuce. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙoƙin bayinsa tun muna da rai, ya yaye wa masu bashi, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir da Nijeriya baki ɗaya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga ni ne, Allah ya gafarta mini.